Tantin Noma a Cikin Ɗaki: Lissafin Iska Kafin a Sayi Fanka

Duk mai yawo a YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da bidiyon wani baƙin akwatin yadi mai zif, cikinsa na ƙyalli, ga fitilar LED a rataye, ga tumatir ko latas suna ta girma a tsakar ɗaki. Shi ne tantin noma. An fi amfani da shi a Amurka da Kanada da Turai, inda sanyi ke hana shuka a waje na tsawon watanni, amma yanzu ana yin odarsa ta intanet daga ko'ina. Abin da masu bidiyon ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne bututun nan mai kama da ƙatuwar mesa da ke fitowa ta saman tantin. Sabon shiga yakan zuba kuɗinsa a fitila, ya ce fanka sai daga baya, kuma a nan shukar take lalacewa.

Da zarar an ja zif, tanti ya zama rufaffen akwati. Ganye yana shan iskar kabon domin haɗa abincinsa, ita kuma ba ta da yawa: kimanin kashi 420 ne kacal cikin miliyan na iskar da ake shaƙa. A wuri matsattse shuke-shuke kan rage ta da sauri, girma ya tsaya. Ga kuma danshi. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na ruwan da saiwa ta sha ta ganye yake fita ya koma tururi, idan bai samu hanyar fita ba sai bangon tanti ya fara gumi, fumfuna ta kama ganye. Sai babbar matsalar, wato zafi. Kusan duk wutar da fitila ta ci zafi take komawa a ƙarshe, har da LED ɗin da ake cewa ba ta zafi.

Girman fankar da ake bukata lissafi ne na minti biyu a kalkuletar waya. A ɗauki tantin da aka fi sayarwa, mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 1.2 da tsayin mita 2. In aka ninka su, cikinsa ya kama kiyubik mita 2.88. Ƙa'idar da masu wannan noma ke bi ita ce a sauya iskar tanti gaba ɗaya a kowane minti ɗaya zuwa uku. A wuri mai zafi minti ɗaya ake ɗauka, don haka 2.88 sau 60 ya ba da kimanin kiyubik mita 173 a awa. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka da CFM ake rubuta ƙarfinsu, kuma CFM ɗaya daidai yake da kiyubik mita 1.7 a awa, ke nan ana neman CFM 102.

Sai dai lambar da ke jikin kwali ƙarfin fanka ne alhali babu abin da ya tare ta. Mataci yana rage mata ƙarfi, dogon bututu yana ragewa, kowace lanƙwasa ma haka. Shi ya sa ake ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu saboda mataci, a ƙara wani abu saboda bututu. Fankar cikin bututu mai inci 4 takan kai wajen CFM 200, mai inci 6 kuma wajen 400. Ga wannan tanti mai inci 4 za ta yi, amma za ta riƙa aiki kusa da ƙarshen ƙarfinta. Wanda zai kwana a ɗakin gara ya ɗauki mai inci 6 ya rage mata gudu, don ta fi shiru. Fankar kwamfuta mai bolt 12 da wasu ke liƙawa kuwa, iska kawai take kaɗawa, ba ta iya tura ta ta cikin mataci.

Akwai wani abu da fanka ba za ta taɓa yi ba, kuma ya fi shafar mai zama a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi: ba ta sanyaya iska, musanya ta kawai take yi. Fitila mai wat 200 da iska kiyubik mita 173 a awa za su bar cikin tanti sama da zafin ɗaki da kimanin digiri 3 da rabi. In aka ninka iskar, tazarar ta ragu zuwa ƙasa da digiri 2, amma ba za ta taɓa sauka ƙasa da na ɗakin ba. To a watan Afrilu, lokacin da zafin rana kan kai digiri 40, ɗaki mai digiri 35 zai ba da tanti mai 38. Furen tumatir kuwa yakan zube ba tare da ya yi 'ya'ya ba idan zafi ya zarce 32 zuwa 35, latas ma tun kafin nan ya miƙe ya yi ɗaci. Dabarar ita ce a kunna fitila da dare a kashe ta da rana, a kuma fitar da bakin bututun ta taga. Wanda ya bar shi yana hurawa cikin ɗakin, iskar da ya fitar ce zai sake zuƙowa.

Fankar fitarwa a sama ake rataye ta, tunda iska mai zafi sama take tashi, sabuwa kuma ta shigo ta ƙofofin ƙasa. Ana so faɗin mashigar ya ninka na mafitar sau biyu zuwa uku. Ana kuma saka ƙaramar fanka mai juyawa a ciki, ta riƙa motsa ganye a hankali. Tana ƙarfafa kara, tana kuma taimaka wa furen tumatir ya barbari kansa tunda babu ƙudan zuma a ɗaki.

Batun mataci shi ne inda aka fi yin asarar kuɗi. Gwangwanin da ake haɗowa da tanti cike yake da sarrafaffen gawayi, wanda ake yi daga ɓawon kwakwa ko kwal. Ƙananan ramukan da ke cikin giram ɗaya nasa, da za a shimfiɗa su, sun haura murabba'in mita 500, kuma a jikinsu wari ke maƙalewa. Aikinsa ke nan: kama wari. Ya yi suna ne a wajen masu noman tabar wiwi, abin da doka ta halatta a Kanada tun 2018 amma yake laifi ne a Najeriya da Nijar. Mai latas da attaruhu da na'a-na'a ba shi da warin da zai dami kowa, sai dai in yana amfani da taki mai tashi. Gawayin kuma yana rasa ƙarfi idan danshi ya haura kashi 70, kuma bayan shekara ɗaya zuwa biyu ya cika, sai sabo.

Matacin da ya fi amfani a yankin da ake hunturu shi ne na mashigar iska. Fanka tana zuƙo ƙura yini da dare, ƙurar ta kwanta a kan ganye da fuskar fitila, ta rage haske. Siririn soso ko ƙyallen tace ƙura a bakin mashiga, da raga mai ƙananan ido saboda farin ƙuda da sauran ƙwari, sun wadatar, muddin ana wankewa a kai a kai. Matacin HEPA yana kama ƙura sosai, amma yana shaƙe ƙaramar fanka.

Waya tana da nata aikin. Kamfanoni irin su AC Infinity da Vivosun suna sayar da na'urar da ke auna zafi da danshi, ta ƙara wa fanka gudu da kanta, ta nuna komai a manhaja. Mai son haɗa nasa zai iya da allon ESP32 da ma'aunin DHT22 da rile guda. Kuskuren da aka fi yi a rubutun umarnin shi ne sa lamba ɗaya ta kunnawa da kashewa, sai fanka ta yi ta kunnuwa tana mutuwa duk bayan 'yan daƙiƙu. A sa ta kunnu a digiri 29, kada ta mutu sai zafi ya sauka 27. Kafin a biya kuɗin oda kuma a duba bolt: kayan Amurka da yawa na 120 ne, wutar Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ce.

Idan an ɗauke wuta, fitila da fanka suka mutu tare, a zuge zif kawai don danshi ya fita. Haɗarin yana ga wanda ya jona fitila a inbata ya bar fanka a layin gida, domin zafi zai yi ta taruwa a rufaffen tanti babu mafita. Layi ɗaya ya kamata su hau.

Gwajin ko komai ya zauna daidai ba ya bukatar wata na'ura. A rufe zif, a kunna fanka: bangon tanti zai ɗan lotsa ciki kaɗan. Sai a kunna turaren tsinke a riƙe kusa da mashigar ƙasa. In hayaƙin ya karkata ya shige ciki, iska na tafiya. In bangon ya lotsa sosai har yana taɓa ganye, mashigar ta yi kaɗan ko soson ya toshe da ƙura.