Ɗan hasken da ke kai kuɗinka gida, da yadda masana ke son mayar da shi ƙwaƙwalwa

Duk wanda ke harkar turawa da karɓar kuɗi a Mile 12, Agege, Sabon Ibadan ko Fatakwal ba zai manta da ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024 ba. Ana cikin azumi, intanet ya tsaya cak, manhajojin bankuna da dama suka ƙi buɗewa, masu POS suka yi jugum. Abin da ya faru shi ne, manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, wato MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, sun lalace a kusa da gaɓar Kwaddebuwa.

To, abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, saƙon da ke bi ta cikin waɗannan wayoyi ba lantarki ba ne. Haske ne ke gudu a cikin zaren gilashi mai kaurin gashin kai. Abin da ke harba hasken kuwa ɗan mitsitsin leza ne da bai kai ƙwayar gero ba, yana kunnuwa yana mutuwa sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya.

Yaya wannan leza yake aiki?

Ana yin sa da semikondakta, wato sinadari mai raba ƙafa: bai saki lantarki ya wuce kamar jan ƙarfe ba, bai kuma tare shi kamar roba ba. Ana haɗa ɓangarori biyu, ɗaya da rarar ilektaron, ɗaya da gurabe. In aka ba shi wuta, ilektaron na faɗawa cikin gurbi, sai ya saki haske. Gefe biyu na ɗan dutsen kamar madubi suke, hasken na kai da komo a tsakani yana tayar da wani hasken irinsa sak.

Robert Hall na kamfanin General Electric a Amurka ne ya fara yin irinsa a 1962, da sinadarin galiyam asenaid. Amma sai an sanyaya shi matuƙa yake aiki. Sai a 1970 ayarin Zhores Alferov a Leningrad da na Bell Labs a Amurka suka samar da wanda ke ci ba yankewa a zafin ɗaki. Alferov ya samu kyautar Nobel a 2000 tare da Herbert Kroemer da Jack Kilby.

Ga inda maganar take: leza yana da geji. In wutar da aka ba shi ba ta kai gejin ba, ɗan haske dishi-dishi kawai zai yi. Da zarar ta haye, sai haske mai ƙarfi ya ɓarke.

Ina ruwan ƙwaƙwalwa da wannan?

Ai ita ma da lantarki take magana. Akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 a kan ɗan Adam. Kowace, in tana hutawa, cikinta ya gaza wajenta da kimanin milibolt 70. In saƙonni suka taru suka tura ta zuwa geji, kusan milibolt 55 ƙasa da sifiri, sai ƙofofin sodiyam su buɗe, wuta ta yi tsalle, sannan fotasiyam ya fita komai ya koma daidai. Duka wannan cikin kusan kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa. Alan Hodgkin da Andrew Huxley na Ingila ne suka fayyace lissafin a 1952, bayan gwaji a kan jijiyar wata halittar teku mai hannuwa da yawa, suka samu Nobel a 1963.

Ka ɗauki bindigar maharba. In ka taɓa kunama a hankali, shiru. In ka ja ta kai wurin, harbi ya tashi, kuma ƙarfin jan ba ya ƙara ƙarfin harbin. Bayan nan sai ka sake ɗura kafin wani. Haka ƙwayar jijiya take: ko ta harba gaba ɗaya ko ta yi shiru, sannan ta ɗan huta.

Masana sun gano cewa ana iya sa leza ya yi wannan hali. In aka saka masa wani ɓangare mai shanye haske har sai ya ƙoshi, ƙaramin saƙo ba zai motsa shi ba, babba kuwa zai sa ya yi walƙiya guda, ya huta. Bambancin kawai, walƙiyar leza ba ta kai kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa ba, wato ta fi ta jijiya sauri kusan sau miliyan. Ayarin Paul Prucnal a Jami'ar Princeton ta Amurka da na Antonio Hurtado a Jami'ar Strathclyde ta Sikotland na cikin masu wannan bincike. Na Sikotland ma suna amfani da dangin lezan da ke gane fuska a wayar iPhone.

Me ake nema?

Wuta ce matsalar. Ƙwaƙwalwarka na aiki da kimanin wat 20, abin da bai wuce ƙwan fitila ba. Cibiyoyin kwamfuta masu ɗauke da ƙirƙirarriyar basira kuwa wutar gari guda suke sha, wani kaso mai yawa na tafiya ne wajen jigilar bayanai da sanyaya injuna. Ƙwayar jijiya ba ta harbi sai da dalili, shi ya sa take da tattali. In leza ya kwaikwayi hakan, za a iya tace bayanai tun suna haske, ba sai an juya su lantarki an sake mayarwa ba.

Amma fa a bi a hankali, har yanzu abin na ɗakin gwaji ne. Haɗa 'yan leza kaɗan daban, haɗa miliyoyi daban, ga shi zafi kaɗan na sauya halinsu. Ba gobe za ka gan shi a Computer Village ba.

Abin da ya riga ya shigo rayuwarmu dai shi ne na farkon. In ka tura wa iyali kuɗin cefane daga Legas zuwa Sakkwato, alat ya shiga kafin ka mayar da waya aljihu, to akwai ɗan leza a hanya da ya yi maka ɗan aike.