Wuni guda a Timiya: abin da mai niyyar zuwa ya kamata ya sani

Da sanyi ya shigo, mu nan kudu mun saba ganin lemun zaƙi da albasar Abzin a kasuwanninmu, daga Damagaram har Maraɗi da Tawa. Muna saye muna sha, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa taka inda ake noma su. Wasu masu saurarenmu sun tambaye mu ko mutum zai iya zuwa Timiya ya wuni ya dawo. To, ga bayani.

Mu fara da gaskiyar hanya. Timiya tana cikin duwatsun Abzin, a gundumar Iferwan ta jihar Agadas, kimanin kilomita 220 arewa da birnin Agadas. Ba kwalta. Ana bi ta Dabaga da Elmeki, tsohon wurin haƙar kuza, cikin duwatsu da rairayin kori, kuma sai mota kat-kat ko babbar mota mai ɗaukar kayan lambu. Tafiyar kan cinye kusan wuni. Ke nan wanda ya ce zai tashi Agadas da safe ya koma da yamma, mota kawai zai sha. Wunin da muke magana shi ne na tsakiya: a kwana can, a wuni, a sake kwana, kashegari a juyo.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Nan ne lemu yake nuna, rana kuma ba ta da zafi sosai. Sai dai garin yana sama da mita dubu bisa teku, sanyin darensa ba wasa ba ne. A tafi da bargo. Da damina kuwa, tsakanin Yuli da Satumba, a yi hattara ƙwarai. Ruwa kan sauka can bisa duwatsu inda ba ka gani, kai kana ƙasa sama garau, sai kori ya taho cike da ruwa ba sallama. Shi ya sa mutanen wurin ba su kwana cikin kori, ba su kuma barin mota a ciki, komai laushin rairayin.

Da an yi sallar asuba an sha shayi, hawa ake fara yi tun rana ba ta ɗaga ba. Bisa tudun da ke kallon gari akwai wani gini da Faransawa suka yi a shekarun 1950, ana kiransa For Masu. Hawan ba shi da nisa, amma akwai tsakuwa mai zamiya, don haka silifa ba nata ba ne. Daga can sama ne mutum yake gane Timiya: baƙaƙen duwatsu ko'ina, farin rairayin kori a tsakiya, sai kore shar na garake ya bi gefensa kamar an ja layi. Bayan an sauko, sai a nufi wurin da ruwa ke gangarowa daga dutse ya taru a tafki, ƴan kilomitoci daga gari. Da sanyi ruwan kan ragu, kada wani ya je da tsammanin kogi. Kuma makiyaya na shayar da dabbobi a wurin, ba a zuba sabulu ko leda ciki.

Mu dai a ganinmu garaken su ne Timiya. Akwai lemu, da rumman, da inabi, da dabino, ƙarƙashinsu ga alkama, masara, albasa, tafarnuwa da tumatir. Tsohuwar dabarar ban ruwa ana ce mata takarkart. Raƙumi ko sa ne ake ɗaura wa igiya, ya ja babban guga bisa ƙoshiyar katako, yaro na jansa gaba da baya; guga ya iso baki ya juye cikin kwararo, ruwa ya bi fangali fangali. Yanzu injin ban ruwa ya shiga garake da yawa. Ya rage wahala, ya faɗaɗa noma, amma yana zuƙe rijiya fiye da raƙumi nesa ba kusa ba, alhali ruwan ƙasan nan duk abin da kori ya kawo da damina ne. Manomin rani na Maraɗi ko na Tawa ya san wannan lissafi. Garka kuwa mai ita gare ta: a yi sallama, a nemi izini, kada a miƙa hannu ga itace.

Da azahar sai abinci. Akwai tagila, gurasar alkama da ake binnewa cikin rairayi mai zafi da garwashi, ta gasu, a kakkaɓe ta, a gutsuttsura cikin miya ko man shanu. Akwai aghajira, ƴar'uwar furarmu ce, sai dai ita ana daka gero tare da dabino da cukun awaki kafin a dama. Ita ce guzurin ayari, kwano guda ya riƙe mutum har yamma. Shayi kuma zagaye uku ne, wanda ya tashi bayan na farko bai kyauta wa mai gida ba. Maganar harshe ba damuwa: Kel Ewi, mutanen wurin, sun daɗe suna kai ayarin raƙuma Bilma da Fashi su ɗauko gishiri da dabino, su gangaro Damargu da ƙasar Hausa su musanya da gero, don haka da yawansu suna jin Hausa sarai.

Da la'asar ake zagaya wajen maƙera. Suna ƙera azurfa, kuma Timiya na da nata samfurin cikin sarƙoƙin nan da aka fi sani da na Agadas. Suna sassaƙa farin dutse mai laushi, matansu na dukancin fata, ga tabarmi da kwandunan kaba. Nan ne abin yake da ɗan ɗaci. Wannan sana'a ta dogara da baƙi masu yawon buɗe ido, musamman bayan UNESCO ta sa yankin Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya a 1991. Tawayen 2007, da sace ma'aikata baƙi a Arlit a 2010, sun tsinke wannan ciniki. Saboda haka a yi tayi, ciniki al'ada ce, amma kada a matse wanda ya kwana uku yana bugun zobe guda don an ga ba shi da wani mai saye. Kuma a tambaya ko azurfa ce tsantsa ko gauraye, kuɗinsu ba ɗaya ba.

Wanda ke da ƙarin wuni zai iya zuwa kufan Asode, tsohon birnin Abzin, inda ragowar gidajen dutse da babban masallaci suke tsaye ba kowa. Amma ba a cusa shi cikin wannan wunin.

Kafin a tashi daga Agadas, a tambayi jandarmomi halin da hanya take ciki a wannan makon, a bi abin da suka ce. A riƙe katin ɗan ƙasa, a ɗauki ɗan jagora na wurin, da isasshen mai, da ruwan sha, da kuɗi tsaba a hannu. Ba a tafiyar dare. Lemun tsaraba kuma a bari sai safiyar komawa a saya, a sa shi cikin kwali can saman kaya, don gargadar hanyar Elmeki ba ta barin na ƙasa da rai.