Na'urar da ke Karanta Cikin Ƙwayar Dutse

Idan gari ya washe bayan ruwa, mutumin unguwar New Bell a Douala na iya hango Dutsen Kamaru. A 1999 dutsen ya yi aman wuta har narkakken dutse ya datse hanyar Limbe zuwa Idenau kusa da Bakingili, dutsen ya kuma sake aman wuta a 2000. Masana na son sanin abin da ya faru a cikinsa kafin aman, kuma amsar tana cikin ƙananan ƙwayoyin ma'adinai da suka daskare a baƙin dutsen. Na'urar da ke karanta su, Bafaranshe Raymond Castaing ne ya ƙirƙiro ta a 1951, kamfanin CAMECA ya shiga ƙera ta don sayarwa.

Da farko a yanko ɗan dutse, a manna shi a gilashi, a yi ta goga shi har ya fi silin gashi siranta, fuskarsa ta yi sumul. Sai a shafa masa kabon siriri, domin dutse ba ya wuce da lantarki. In ba a shafa ba, cajin zai taru ya karkatar da awon. Daga nan a saka shi cikin na'urar, a zuƙe iska.

Na'urar takan harbo ƙwayoyin lantarki da ƙarfin bolt kusan 15,000, ta tattara su kan ɗigon da bai wuce kashi 1 cikin 1,000 na milimita ba. Inda suka sauka, sinadaran wurin kan fitar da haske irin na hoton ƙashi a asibiti, kowane sinadari da nasa tsawon zangon. Ƙarfe daban, maganisiyam daban. Na'urar ta rarrabe su, ta ƙirga, a gwada da wani ma'adinin da aka riga aka san abin da ya ƙunsa.

A ganina nan ne darajarta take. In aka niƙa dutse aka narkar, jimilla kawai za a samu. Amma a nan ana bin ƙwayar ma'adinin olibin guda daga tsakiya zuwa baki, ɗigo bayan ɗigo. Idan maganisiyam ya ƙaru a bakin, alama ce sabon narkakken dutse mai zafi ya taso daga ƙasa ya gauraya da tsohon kafin aman. Faɗin wannan sauyin ma yakan nuna tsawon lokacin da ya shige tsakanin gaurayar da fashewar, abin da masu sa ido kan dutsen daga Buea suke matuƙar bukatar sani.