Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya: Yadda Muke Auna Laifin Taurarinmu

Duk wanda ya taɓa zuwa awon hatsi a kasuwar Dawanau ya san babu abin da ke zubar da mutuncin ma'auni kamar a kama shi da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Komai kyan geronsa, da zarar asirin mudunsa ya tonu, magana ta ƙare. Na daɗe ina lura da cewa irin wannan awo muke yi wa taurarinmu na fim da waƙa da na kafafen sada zumunta idan sun yi abin kunya. Akwai mudun maza, akwai na mata.

Damuwar iyaye game da waɗannan taurari tana kan hanya. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, 'yan wasa suka fara shiga ɗakunanmu ta kaset ɗin bidiyo. Yau kuwa suna cikin aljihun yaranmu. Yaro kan haddace sunayen mawaƙa goma kafin ya san sunan mai unguwarsu. Askinsu yake yi, ɗinkinsu yake so, salon maganarsu yake ɗauka. Cikin waɗanda yake kwaikwayo akwai mai baje kuɗi da motoci ba tare da an san sana'arsa ba, akwai mai ashar a TikTok don ya tara mabiya, akwai mawaƙin da ke wasa ɗan siyasa yau, gobe ya yi masa zambo saboda an daina ba shi. Wannan ɓarna ce, kuma maza da mata duk suna cikinta. Sai an zo wajen hukunci ake raba su.

A tuna da 2007. A shekarar ne wani bidiyon sirri na jaruma Maryam Hiyana ya bazu daga waya zuwa waya. Mutum biyu ne a lamarin, ita da wani namiji. Ita aka dakatar daga sana'arta, ita ta ɓuya, sunanta ne ya zama abin faɗa a majalisu da tashoshin mota. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta tsayar da ɗaukar fim na tsawon watanni, ɗaruruwan masu neman abinci a harkar suka zauna ba aiki. Shekaru sun shuɗe, har yau sunanta na bakin mutane, alhali kaɗan ne za su iya tuna na namijin.

A watan Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowar da ta yi a bidiyon wata waƙa tana rungumar mawaƙi ClassiQ. Ana iya cewa shi ba ɗan ƙungiyar ba ne, don haka ba ta da iko a kansa. To, jama'a fa? Harshen mutane ba ya buƙatar katin ƙungiya, amma kusan duk tsinuwar a kanta ta sauka. Daga baya ta fito ta nemi afuwa. A 2020 kuma an sake ganin bidiyon sirri na wasu 'yan wasa mata ya fita ba da yardarsu ba, har ɗaya daga cikinsu ta rasa gurbinta a shirin da take fitowa. Su aka yi wa ca. Wanda ya ci amana ya saki bidiyon, da dubban da suka riƙa tura wa juna suna salati, ba a ɗaga musu murya yadda ya kamata ba.

Adalci ne a faɗi cewa maza ma sun sha hukunci. A 2007 ɗin kotu ta ɗaure Adam A. Zango wata uku kan bidiyon waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. Sai dai ya fito ya ci gaba da sana'arsa, ya zama ɗaya daga cikin manyan jaruman Kannywood, kuma haka ya dace, domin wanda ya gama zaman hukuncinsa ya biya bashinsa. Abin tambaya shi ne me ya sa hukuncin namiji yake da ranar ƙarewa, na mace kuma ba shi da ita.

Amsar tana cikin kalmomin da muke furtawa kullum. Namijin da ya sheƙe ayarsa a samartaka, sai a ce ƙuruciya ce, ya ga duniya, yanzu Allah ya shirye shi. Mace ta yi tuntuɓe ɗaya, an ba ta sunan da zai bi ta har gidan miji, ya bi 'ya'yanta makaranta. Jarumi ya yi aure ya saki, ya sake yi ya saki, a ce bai dace da mata ba ne. Jaruma aurenta ya mutu sau ɗaya ta dawo fim, a ce dama 'yan fim ba sa zaman aure. Mun ɗora mutuncin gida da na gari duka a wuyan 'ya mace, muka sauke wa ɗa namiji nasa kason. Ga kuma maganar ƙarfi: yawancin masu zuba kuɗi, da masu ba da umarni, da shugabannin ƙungiyoyin fim maza ne, kuma hukunta wadda ba ta da kujera a teburin ya fi sauƙi. Laifi tudu ne, kowa na taka nasa ya hango na wani.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake jingina wannan awo da addini, alhali addini ya barranta daga gare shi. Aya ta 2 a Suratun Nur ta yanka wa mace da namijin da suka aikata alfasha hukunci iri ɗaya, babu ragi ga kowa. Aya ta 4 ta tanadi bulala 80 ga wanda ya yi wa mace ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba. Aya ta 19 ta yi gargaɗin azaba ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai, kuma mai tura bidiyon tsiraicin wani ya kamata ya tsaya ya auna kansa da ita. Umarnin runtse ido ma da maza aka fara shi a aya ta 30, sannan aka zo kan mata a ta 31. Haka nan lokacin da Usama bin Zaid ya je roƙon sassauci ga matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummomin baya shi ne ƙyale mai ƙarfi da hukunta mai rauni. Ko dokar ƙasa, wato dokar laifukan intanet ta 2015, ta haramta aika hotunan batsa ta na'ura.

Yara kuma suna kallonmu fiye da yadda suke kallon taurarin. Idan yaro ya ga yayyensa suna tsine wa jaruma da rana, da dare suna neman a turo musu bidiyon, ya koyi cewa kunya kayan mata ce, shi babu ruwansa. Idan yarinya ta ga wadda ta yi kuka ta nemi gafara amma bayan shekara goma ana goranta mata, ta koyi cewa tuba ba ta da amfani a wurin mutane. Wadda aka rufe wa ƙofar dawowa kuwa sau da yawa gaba take yi, ta ce tunda an riga an ba ta suna, bari ta ci sunan. Ta haka muke ƙera da hannunmu irin mugun abin koyin da muke kuka da shi.

Gyara yana yiwuwa. Hukumar tace fina-finai da ƙungiyoyin 'yan fim su rubuta ƙa'idojinsu a fili, laifi kaza hukuncinsa kaza na tsawon lokaci kaza, ya hau kan kowa, kuma a sa mata cikin kwamitocin ladabtarwa. Malamai su yi wa mai yaɗa sirrin mutane wa'azi da zafin da suke yi wa mai shigar banza. 'Yan jarida su daina cin kasuwa da hoton macen da aka tozarta. Iyaye su nuna wa yara cewa shahara daban, nagarta daban, su kuma tambayi ɗa namiji inda ya kai dare kamar yadda suke tambayar 'ya mace, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kai kuma mai karatu, ranar da irin wannan bidiyo ya faɗo wayarka, goge shi, kada ka tura. In za ka yi tir da laifi, ka yi tir da shi ko wane ne ya aikata, in kuma mai laifi ya tuba, ka karɓa ko mace ce. Mudun da muka auna wa 'ya'yan wasu, da shi za a auna wa namu.