Ciwon Sayatika: Zafin da Ke Saukowa Daga Ƙugu

Jijiyar sayatika ce mafi kauri da tsawo a jikin mutum. Daga ƙasan gadon baya take fitowa, ta ratsa ɗuwawu da bayan cinya har tafin ƙafa. Idan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya ɓullo ya danne saiwarta, sai zafi ya riƙa tsarga ƙafa ɗaya kamar jan lantarki, wani lokaci da sagewa. Tari, atishawa da dogon zama kan tsananta shi.

Galibi yakan lafa cikin makonni 4 zuwa 6, ana ɗan tattaki da shan maganin rage zafi. Yawan kwanciya ba ya taimakawa. Amma in fitsari ko bahaya ya ƙi riƙuwa, ko ƙafa ta raunana, sai a garzaya asibiti.