Abin da Ke Jawo Tsadar Jinya a Kanya Babba da Kewayenta

Kuɗin jinya a Kanya Babba da sauran garuruwan Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa a jihar Jigawa ya ƙunshi kuɗin kati, na gwaji, na magani, na mota, abincin majinyaci da mai jinya, da kuma ranakun aikin da gida ke rasawa. Duk waɗannan sun yi tashin gwauron zabo tun daga 2023. Wasu dalilan tsadar daga nesa suke zuwa, wasu a gida aka haife su, amma dukkansu a aljihun magidanci suke sauka.

Dala da farashin magani

Kusan kashi 70 cikin ɗari na magungunan da ake sha a Najeriya daga waje ake shigo da su, akasari daga Indiya da Sin. Kamfanonin da ke haɗa magani a cikin gida ma daga can suke sayo sinadaran. Saboda haka ƙwayar da ke kan kantar kyamis a Babura, da dala aka fara sayenta. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa farashin naira. Dalar da ke kan naira 460 ko kusa da haka a hukumance ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024, wato ta ninka fiye da sau uku cikin wata takwas.

A cikin wannan hali kamfanin GSK ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina harkarsa kai tsaye a ƙasar, Sanofi ma ya bi sahu a watan Nuwamba. Magunguna irin su Augmentin da abin shaƙa na masu asma, Ventolin, suka yi wuya, farashinsu ya ninka sau da yawa. Kafin magani ya iso Kanya Babba sai ya bi hannun mai shigowa a Legas, ya zo hannun dillali a Kano, sannan mai kyamis ya saro. A watan Fabrairun 2024 hukumomi suka rufe shagunan sarin magani na Sabon Gari a Kano domin 'yan kasuwar su koma sabuwar cibiya a Dangwauro. Kowane hannu da maganin ya bi sai ya ɗora ribarsa da kuɗin motarsa.

Mai, wuta da nisa

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Ga mutumin karkara, kuɗin mai kuɗin asibiti ne. Ƙaramin asibitin gari yana duba zazzaɓi, ya yi awon ciki da rigakafi. Abin da ya fi ƙarfinsa sai babban asibitin Babura ko na Kazaure, wanda ya gagara can kuma sai Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, kuma daga Kazaure zuwa Kano kimanin kilomita 80 ne.

Idan naƙuda ta yi gardama da tsakar dare, babu motar haya a tasha, sai dai shata, direba kuma zai lissafa man zuwa da na dawowa. A asibiti za a miƙo takarda: safar hannu, sirinji, ledar ƙarin ruwa, zaren ɗinki, allurai. Idan ana buƙatar jini sai a nemo ɗan'uwan da zai bayar, a biya kuɗin leda da na gwajin jinin. Ko a inda gwamnatin jiha ta yi tanadin kula da masu ciki da ƙananan yara kyauta, duk abin da ya yanke a ɗakin magani a waje ake sayo shi. Mata biyu ko uku za su tare a asibitin, ana kawo musu abinci daga gida ko ana saye.

Asibitin kansa mai yake sha. Ɗakin tiyata, injin gwaji, firjin ajiye jini da alluran rigakafi duk suna buƙatar wuta, wutar kamfanin lantarki na KEDCO kuwa ba ta da tabbas. Man gas ɗin janareta ya yi tsada tun 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. Asibitin kuɗi yana ɗora wannan nauyi a kan majinyaci kai tsaye, na gwamnati kuma yana ɗora wani ɓangare a kuɗin gwaji da na hoto.

Cututtuka da magunguna sun canza

A da, 'yan ƙwayoyin kulorakwin na kuɗi kaɗan suna kwantar da zazzaɓin cizon sauro. Da ƙwayar cutar ta daina jin sa, Najeriya ta koma kan haɗin magunguna masu sinadarin atemisinin a wajajen 2005. Sun fi aiki, sun kuma fi tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya a Najeriya suke, kuma a wannan yanki yana tsananta ne a ƙarshen damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai shigo ba. Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai ma yana jawo irin wannan: mai arha ya daina aiki, dole a koma mai tsada.

Ga kuma cututtukan da ba a gama jinyarsu. Mai hawan jini ko ciwon suga kowane wata sai ya sayi magani har iyakar rayuwarsa. Idan ya daina saboda rashi, abin da ke biyo baya shanyewar ɓarin jiki ne ko ciwon ƙoda, wankin ƙoda kuwa sau biyu ko uku ake so a mako. Gidaje kaɗan ne za su iya ɗaukar wannan na wata guda ba tare da an sayar da gona ko dabbobi ba.

Ƙarancin ma'aikata

A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata. Waɗanda suka rage sun fi taruwa a manyan birane. Jama'a kuwa ƙaruwa suke yi: ƙidayar 2006 ta ba Jigawa mutum miliyan 4.3, binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna macen Jigawa tana haihuwar kimanin 'ya'ya bakwai. Inda ƙwararru suka yi ƙaranci, majinyaci yana biya da doguwar tafiya, da kwanakin jiran layi, ko da kuɗin asibiti mai zaman kansa.

Wa ke biya

Tushen matsalar shi ne yadda ake biyan kuɗin. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita, a ranar da ciwo ya kama. Wannan tsari ya kafu ne tun bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da Shirin Bamako na 1987, wanda ya kawo asusun jujjuya kuɗin magani: majinyaci ya saya, a sake saro wani da kuɗinsa. Idan naira ta faɗi, kuɗin da aka tara ba ya sayo yawan abin da aka sayar, sai a ƙara farashi ko kanta ta zama wayam.

A Abuja, cikin Afrilun 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Kasonta yawanci bai kai rabin haka ba. Wani giɓin masu ba da agaji ne ke cike shi da gidan sauro, rigakafi da abincin masu tamowa, agajin ma ya girgiza da Amurka ta dakatar da tallafin hukumarta ta USAID a farkon 2025.

Inshorar lafiya ta ƙasa ta fara aiki a 2005, amma ma'aikatan gwamnati ta fi amfana. Dokar 2022 ta wajabta ta a kan kowa, Jigawa kuma tana da hukumarta, JICHMA. Sai dai manomi da ɗan tireda ba su da albashin da za a cira a wata. Kuɗinsu da kaka yake zuwa, in an sayar da riɗi, gyaɗa ko wake.

Jinkiri

Tsada tana haifar da jinkiri, jinkiri kuma yana ninka tsada. A kyamis ana yawan jin "a ba ni na ɗari biyu": mai shago ya yanko ƙwaya huɗu daga katin da ya kamata a shanye gaba ɗaya, ya ƙulla a leda. Zazzaɓi ya lafa kwana biyu ya dawo. Daga nan a gwada jiƙe-jiƙe, ko maganin masu talla da ba a san ingancinsa ba. Kafin a kai yaron asibiti jininsa ya ƙare, sai gado da allurai da ƙarin jini. Ciwon da 'yan dubbai za su warkar a rana ta farko ya koma na gomman dubbai, wani lokaci ma a rasa ran.

Matakan da ke rage nauyin a bayyane suke. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma amfaninsa ya dogara ne ga isar kuɗin asibitin mazaɓa a kan lokaci. A watan Yunin 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu kan umarnin janye haraji daga kayan haɗa magani. A matakin jiha da ƙaramar hukuma akwai sayen magani a dunƙule domin rage hannayen dillalai, sanya wutar sola a asibitoci, ajiye ungozoma mai kwana a asibitin gari, da tsara kuɗin inshora yadda manomi zai biya sau ɗaya da kaka. Farashin dala da na mai ba a hannun mutanen Kanya Babba suke ba, amma tara kuɗin jinya tun ana lafiya, tare da raba nauyinsa a kan jama'a da yawa, abu ne da hukuma da al'umma za su iya yi, kuma shi ne ke hana ciwon mutum ɗaya talauta gida guda.