Daga Randar Kakata Zuwa Gonar Lafite: Sana'a da Kalmominta

Gabatarwa

Ni mutuniyar Sheda ce, wani gari da ke cikin ƙaramar hukumar Kwali a kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja. Harshena na farko Gbagyi ne, Hausa kuwa a kasuwa da makaranta na tsince ta. A zangon karatun da ya wuce malaminmu na fassara ya ba mu wani rubutu a kan wata gonar inabi ta ƙasar Faransa, ya ce mu mayar da shi Hausa. Duk ajin muka cije, domin inda marubucin ya yi amfani da kalmomi iri-iri, mu kalma ɗaya muke ta maimaitawa, wato giya. Da na yi ƙorafi na ce, "Malam, ai Hausa ba ta da waɗannan kalmomin," sai ya ce mini, "Kin tambayi masu sana'ar kuwa?" Wannan tambaya ce ta haifar da wannan maƙala.

Tun da farko ina so mai karatu ya sani ba tallar giya nake yi ba. Musulunci ya haramta ta, haka kuma coci-coci da dama a yankinmu suna hana mabiyansu sha. Abin da ya dame ni shi ne ilimin da ke cikin sana'ar da kuma kalmomin da ke ɗauke da shi.

Tarihin Gonar Lafite

Château Lafite Rothschild tana garin Pauillac a yankin Médoc, arewa da birnin Bordeaux. A da yawancin yankin fadama ne, sai a ƙarni na 17 gwanayen aikin ruwa daga ƙasar Holand suka janye ruwan, ƙasa mai tsakuwa ta samu damar nomuwa. A cikin wannan ƙarni ne zuriyar Ségur suka faɗaɗa shukar inabi a Lafite.

A shekarar 1855, lokacin babban baje kolin birnin Paris, Sarki Napoleon na Uku ya sa aka jera giyar Bordeaux daraja-daraja. Dillalai suka kasa jar giya gida biyar bisa ga farashin da ake sayenta. Gonaki huɗu ne suka samu daraja ta ɗaya: Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion. Sai a 1973 aka ƙara Mouton Rothschild ta zama ta biyar. A 1868 Baron James de Rothschild ya sayi Lafite, kuma har yau tana hannun zuriyarsa.

Ba a daɗe ba wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, wanda ya shigo daga Amurka, ya auka wa gonakin inabin Faransa, ya kusa gamawa da su. Maganin da aka samo shi ne abin da manomanmu ke kira aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro: a ɗauki reshen inabin Faransa a ɗora a kan gindin na Amurka, wanda ƙwaron ba ya iya kashewa.

Gona da Yadda Ake Aiki

Faɗin gonar ya ɗan haura kadada 100. Mafi yawan abin da ake shukawa irin da ake kira Cabernet Sauvignon ne, sai Merlot, sai wasu iri biyu 'yan kaɗan. Abin mamaki, ba ƙasa mai taki ake so ba. Tsakuwa ba ta riƙe ruwa, don haka saiwa kan nutsa ƙasa sosai, itacen ya yi 'ya'ya kaɗan amma masu ƙarfin ɗanɗano.

Ana tsinkar inabi da hannu a watan Satumba zuwa Oktoba. Bayan an tsince ruɓaɓɓu, sai a zuba a manyan mazubai tare da ɓawonsa, domin jan launin daga ɓawo yake fitowa, ba daga ruwan ba. A nan ne yis yake cinye sukarin ya mayar da shi barasa. Daga nan sai a juye a gangunan katako masu cin lita 225, a ajiye kimanin wata 18 zuwa 20 kafin a ɗura a kwalba. Kowane mataki yana da sunansa, kuma kowace shekara ana rubuta yadda damina ta kasance da ranar da aka fara tsinka. Tun 1936 doka ta hana a sa sunan Pauillac a kan giyar da ba a noma inabinta a can ba.

Burkutu a Sheda

Da na koma gida hutu sai na bi shawarar Malam. Kakata ta wajen uwa ta yi shekaru tana dafa burkutu kafin ƙarfinta ya ƙare. Na zauna kusa da ita na ce, "Kaka, ki gaya mini yadda kike yi." Ta yi dariya ta ce, "Ke 'yar boko, me za ki yi da shi?" Amma ta faɗa, rabi da Gbagyi rabi da Hausar kasuwa.

Da farko ana jiƙa dawa ta kwana. Sai a tsane ta, a baza, a rufe da ganye, ana yayyafa ruwa kwana uku zuwa huɗu har ta yi tsiro. A shanya tsiron a rana, a niƙa, a dama da ruwa a bar shi ya kwanta. Ana tsiyaye ruwan sama a ajiye, a dafa kaurin da ke ƙasa, sannan a sake haɗa su a bari su kwana su yi tsami. Washegari a sake dafawa na tsawon sa'o'i, a bari ya huce a randa, a zuba ɗan ragowar na baya. Kafin kwana ɗaya ko biyu ya fara kumfa. Dusar da aka tace kuwa dabbobi ake ba.

A nan na gane wani abu. Inabi da sukarinsa yake zuwa, amma dawa sitaci ne a cikinta, kuma yis ba ya cin sitaci. Tsiron nan shi ke mayar da sitaci sukari. Ke nan mai burkutu tana da wani mataki da mai inabi ba ya bukata. Ragowar da take zubawa kuwa yis ne take dasawa, ko da yake ba ta taɓa jin sunan Louis Pasteur ba, wanda ya bayyana aikin yis a ƙarni na 19. Bambancin shi ne burkutu ba ya wuce 'yan kwanaki sai ya lalace, alhali kwalbar Lafite kan yi shekaru gommai.

Ashe Kalmomin Suna Nan

Ashe Hausa ba ta rasa kalmomi ba, ni ce ban nema ba. Akwai burkutu da fito na hatsi, akwai bammi na itace, akwai barasa. Akwai tsiro da jiƙo da tsami da tata. Ita kanta kalmar inabi daga Larabci aka aro ta, kuma ana noma shi domin ci a yankin Kudan kusa da Zariya, inda babu shakka manoma suna da nasu kalmomin na sassabe da aure da ɗaurin rassa.

Abin da ya ɗaga Lafite ba ƙasa kaɗai ba ce, har da rubutu. Mu ma muna da misali a gida. Matan yankinmu sun daɗe suna ginin tukwane, amma Ladi Kwali ce duniya ta sani, domin bayan ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, an rubuta aikinta an kuma baje shi a ƙasashen waje. Yau hotonta ne a bayan takardar naira 20. Sauran gwanayen da ba a rubuta su ba fa?

Kammalawa

Tun da aka dawo da babban birnin tarayya Abuja a 1991, gonakin dawa a yankinmu suke ta komawa filayen gini, 'yammata kuma ba su son zaman gindin murhu. Wata ƙila ba za a yi kukan burkutu ba idan ya ɓace, amma kalmominsa fa? Haka lamarin yake ga rini da jima da saƙa da ƙira. Kira na ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, kowa idan ya je hutu ya ɗauki littafi da biro ya zauna da wani tsoho mai sana'a, ya rubuta sunan kowane kayan aiki da kowane mataki. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ni dai na cika shafi shida daga bakin kakata, kuma ta ce in dawo, ba ta gama ba.